MU GYARA TURANCINMU: Kalmar "Tendency" Ba Zanen Dutse Ba Ce

A watan jiya na yi muku alkawarin cewa wannan karo za mu shiga maganar rubuta wasiƙar neman aiki. To, ina roƙon ku gafara, domin wani abu ya faru a unguwarmu a nan Kumasi wanda ya sa na ajiye wancan darasi sai nan gaba. Hausawa sun ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, saboda haka gara mu yi maganar tun tana da ɗumi.

Ranar wata Asabar bayan sallar la'asar, ina zaune a ƙofar gida ina duba littattafan yara, sai ga wani dattijo maƙwabcinmu, Alhaji ne mai sayar da goro, ya zo da wata takarda a naɗe a hannu, da gani ka san ransa a ɓace yake. Bayan mun gaisa na ba shi kujera, sai ya miƙo mini takardar ya ce, "Ticha, karanta mini wannan. Ka gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah, kada ka rufa masa asiri."

Da na buɗe sai na ga takardar sakamakon jarrabawar autansa ce, wanda yake ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, yana shirin zama jarrabawar BECE. Makin yaron ba laifi, a wasu darussan ma har da yabo. A can ƙasa, wurin da malamin aji yake rubuta ra'ayinsa, ga abin da na gani: "An intelligent boy, but he has a tendency to rush his work."

Ashe kafin Alhaji ya zo wurina, ya riga ya nuna wa wani a kasuwa, irin waɗanda suka ɗan taɓa boko, shi kuwa ya fassara masa cewa wai malamin ya ce rashin natsuwa a jinin yaron yake, halinsa ke nan. Alhaji da jin kalmar hali sai ya ce to magana ta ƙare, hali zanen dutse ne, babu mai kankarewa. Har ya yanke shawara ya daina ɓarnar kuɗin littafi da na darasin yamma, mako mai zuwa ya kai yaron Suame Magazine ya koyi gyaran mota. Ba ina raina kanikanci ba ne, Allah ya kiyaye, gidaje da yawa a zangonninmu da shi aka gina su. Amma bai kamata a cire yaro daga aji ana saura 'yan watanni jarrabawa saboda kuskuren fassarar kalma ɗaya ba.

Na ce masa, "Alhaji, abin da malamin ya rubuta shi ne, yaro ne mai ƙwaƙwalwa, sai dai yakan yi gaggawa a aikinsa. Yakan yi, ba kullum ba, kuma abu ne mai gyaruwa."

Ya ce, "Shi ke nan abin da ya ce?"

Na ce, "Shi ke nan, Alhaji."

Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, ai ni ma nakan yi gaggawa wajen ƙirga goro, har in ba mutum ƙwarya babu biyu."

Wannan shi ya sa darasinmu na yau ya tsaya a kan kalmar "tendency". Kalma ce da za ka tarar da ita a takardar makaranta, da takardar asibiti, da jarida, da takardar shaidar da maigida yake rubuta wa yaronsa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san nauyinta.

ASALIN KALMAR

Kalmar ta shigo Turanci ne a ƙarni na 17, kuma tushenta yana cikin harshen Latin na Rumawan dā, daga aikatau "tendere", wato miƙewa ko jan abu ya nufi wani gefe. Daga wannan tushe ne Turanci ya sami "extend" da "intend" da "attend" da "tension". Daga nan ne kuma ya sami "tent", wato ƙyallen da ake ja a ɗaure da igiya a shiga ƙarƙashinsa, wanda mu ma muka ara muka ce tanti. Ka ga ashe tantin da alhazai suke kwana a ciki a Mina ɗan'uwan kalmarmu ta yau ne na jini.

In kana son ka riƙe ma'anarta ba ka manta ba, to ka tuna da kwanon kaya a kan 'yar dako a kasuwar Kejetia. Wani lokaci za ka ga kayan ya karkata gefe guda. Bai faɗi ba tukuna, kuma ba lalle ne ya faɗi ba, in ta sa hannu ta gyara shi zai kai inda za shi lafiya. In kuwa ta ƙyale, ka san gefen da zai zube. To, wannan karkatar ita ce "tendency". Ba faɗuwar ba ce, karkatar ce.

Abin sha'awa shi ne, mu Hausawa ba mu bukatar wani dogon suna domin mu faɗi wannan ma'ana, tana nan cikin nahawunmu a ɗan ƙaramin "kan". In ka ce Audu ya makara, sau ɗaya ke nan. In ka ce Audu yakan makara, ka nuna cewa abin yana faruwa lokaci-lokaci, har an fara gane shi da shi. In abin ya ɗan yi yawa sai mu ce ya faye makara, ko ya cika makara. Saboda haka duk inda ka ga "has a tendency to", ka fara gwada fassara shi da yakan ko takan ko sukan, galibi za ka ga ya zauna daidai.

YADDA AKE GINA JIMLA DA ITA

Hanyoyi huɗu ne manya, kuma ina so ɗalibai su kwafe su a bayan littafinsu.

Ta farko, wadda ta fi kowace yawa, ita ce a sa "a tendency to" sa'an nan aikatau ya biyo baya tsirara, babu ƙari a wutsiyarsa. Alal misali, "Amina has a tendency to speak too fast", wato Amina takan yi saurin magana. Ko kuma "This lorry has a tendency to overheat", wato motar nan takan yi zafi. Ka lura, ba mutum kaɗai yake da "tendency" ba, har mota da ƙasa da farashi.

Ta biyu, in abin da zai biyo baya suna ne ba aikatau ba, sai a sa "towards". Misali, "He has a tendency towards laziness", wato yana karkata wajen lalaci. Mutanen Amurka sun fi rubuta "toward" babu harafin ƙarshe, amma mu a Ghana Turancin Ingila muke bi a makaranta, saboda haka ku riƙe "towards".

Ta uku ita ce ta masu rubuta insha'i da rahoto, inda ake magana a kan jama'a ko al'amura gaba ɗaya. Ana fara ta da "There is a tendency for", a kawo mai aikatawa, sa'an nan a sa "to" da aikatau. Misali, "There is a tendency for the price of rams to rise before Eid", wato farashin raguna yakan tashi gabanin Babbar Sallah. Wannan kam ba sai an kawo wa kowa shaida ba.

Ta huɗu ita ce a bar sunan gaba ɗaya a yi amfani da aikatau ɗinsa, wato "tend to". "Amina tends to speak too fast" daidai yake da misalin farko, ya kuma fi shi sauƙi a baki. A hira ta yau da kullum wannan Turawa suka fi amfani da shi. Sai dai a kula, akwai wani "tend" ɗin dabam mai ma'anar kiwo ko kula da abu, kamar a "The boy tends his father's sheep", wato yaron yana kiwon tumakin ubansa. Wannan ba ruwansa da darasinmu.

In kana son ka nuna ƙarfin karkatar, sai ka sa sifa a gabanta. "A slight tendency" 'yar kaɗan ce, "a strong tendency" mai ƙarfi ce, "a growing tendency" wadda take ƙaruwa ce, "a natural tendency" kuwa ita ce wadda aka halicci mutum ko dabba da ita. Iyaye su dinga duba wannan sifa a takardar yaro, domin a nan malami yake ɓoye ma'aunin damuwarsa.

TSAKANINTA DA "HABIT"

Nan ne gizo yake saƙa. Yawancin kuskuren da nake gani a littattafan yara daga haɗa kalmomin nan biyu yake fitowa. "Habit" shi ne sabo, abin da mutum ya yi ta maimaitawa har ya zama masa jiki, yana yi ba tare da ya yi tunani ba, kamar cin goro ko shan taba ko tashi da asuba. "Tendency" kuwa ba sai an koya ta hanyar maimaitawa ba, kuma ba kowane lokaci take bayyana ba. Likita yana iya rubuta cewa mutum yana da "a tendency to put on weight", wato jikinsa mai saurin ƙiba ne. Wannan ba sabo ba ne, yanayin jiki ne. Amma cin tuwo malmala uku da tsakar dare, wannan "habit" ne.

Ginin jimlarsu ma ya bambanta, kuma wannan ita ce ƙa'idar da nake so kowa ya haddace yau ko da ya manta da sauran. "Tendency" tana tafiya da "to" da aikatau tsirara. "Habit" yana tafiya da "of" da aikatau mai "ing" a wutsiya. Ka ce "a tendency to come late", ka ce "a habit of coming late". Kada ka ɗauki hular wannan ka sa wa wancan. Yaranmu sun faye rubuta "a tendency of coming late", ko "a habit to come late", mai duba jarrabawa kuwa da jan biro yake jiran su.

Wani zai ce, to Malam, ai na taɓa ganin "tendency of" a littafi. Gaskiya ne, amma duba da kyau ka ga abin da ya biyo baya. A "the tendency of prices to rise", wannan "of" ɗin yana nuna mai karkatar ne, wato farashi, kuma ga "to rise" nan ya biyo baya kamar yadda ƙa'ida ta ce.

Domin a ga bambancin nauyi, ga wani tsani mai hawa biyar, dukkansa a kan yaro ɗaya da laifi ɗaya:

1. "He rushed his work." Ya yi gaggawa, sau ɗaya.
2. "He has a tendency to rush his work." Yakan yi gaggawa.
3. "He has a habit of rushing his work." Ya saba da gaggawa, ta zama masa jiki.
4. "He always rushes his work." Kullum cikin gaggawa yake.
5. "He is careless." Ba shi da kula. Nan an bar maganar aiki an koma kan mutumin kansa.

Ɗan Alhaji a hawa na biyu malaminsa ya ajiye shi, mai fassarar kasuwa ya ɗauke shi ya kai shi na biyar. Tun muna kwalejin horon malamai aka koya mana cewa in za ka rubuta aibin yaro, ka rubuta abin da yake yi, kada ka yanke hukunci a kan abin da shi yake, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamin da ya zaɓi "tendency" yana gaya wa uba ne cewa iccen nan ɗanye ne har yanzu, a zo a taya shi tanƙwarawa.

KADA KA YABI KANKA DA ITA

Ga ɗaya gefen kuma. Tun da Turawa sun mai da kalmar nan hanyar faɗin aibi cikin ladabi, sai ya zama galibi in an ji ta, kunne yana jiran abin da ba shi da daɗi ya biyo baya: mantuwa, makara, surutu, fushi, wuce gona da iri. Ba wai haramun ne a haɗa ta da alheri ba, ana iya cewa "She has a natural tendency to help others". Amma a wurin yabo ba ta da ƙarfi, domin ma'anarta ita ce wani lokaci a yi, wani lokaci a bari.

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina ya kawo mini wasiƙar neman aikin akawu a wani kanti in duba masa. A tsakiyar wasiƙar ya rubuta, "I have the tendency of being honest and hardworking." Shi a ganinsa ya zuba Turanci mai nauyi. Na ce masa, "Ɗana, ka san abin da ka gaya wa mai kantin nan? Ka ce masa kakan yi gaskiya. Wato ranar Litinin ka riƙe amana, ranar Talata kuma sai yadda ta yiwu. Wa zai ba ka makullin akwatin kuɗi?" Ya riƙe baki. Muka soke layin muka rubuta "I am honest and hardworking", kalmomi biyar, ba kwana-kwana.

A cikin wannan layi nasa guda ɗaya akwai kurakurai uku. Ya yabi kansa da kalmar da ba ta yabo ba ce, ya sa "of" da "ing" maimakon "to", sa'an nan ya ce "the tendency" a inda ya kamata ya ce "a tendency". Wasu kuma sukan yar da ɗan harafin gaba ɗaya su ce "He has tendency to", saboda a Hausa ba mu da irinsa a gaban suna. A Turanci kuwa tilas ne, domin kalmar abin ƙirgawa ce.

Haka kuma in maigidanka ko shugaban makaranta ya ba ka takardar shaida, ka karanta ta da kyau kafin ka kai ta gaba. In ka ga "He is a good worker, although he has a tendency to argue with customers", to ka sani wanda zai ɗauke ka aiki rabin jimlar na biyu zai riƙe. Gara ka koma ka ba da haƙuri, ka nemi a tattauna, da ka ɗauki wuƙar yanka kanka ka kai da hannunka.

SAURAN WURAREN TUNTUƁE

Na farko, rubutu. Ƙarshen kalmar "ency" ne, ba "ancy" ba. 'Yan'uwanmu da suka yi karatun Faransanci a Togo ko Burkina Faso ko Kwaddibuwa ko Nijar su suka fi faɗawa wannan rami, domin a Faransanci "tendance" ake rubutawa. A can kuma kalmar tana ɗaukar ma'anar abin da ake yayi, alhali a Turanci yayi "trend" ne ko "fashion". Saboda haka in 'yan mata sun koma wani sabon ɗaurin kallabi, "a new trend" za ka ce.

Na biyu, furuci. Gaɓoɓi uku ne, kuma a kan ta farko ake danna murya: TEN-den-si.

Na uku, kada ka haɗa ta da "always". In ka rubuta "He tends to always come late", kamar ka ce yakan makara kullum ne, ka ba da sassauci da hannun dama ka karɓe da na hagu. Za ka ji Turawa suna faɗin haka a hira, amma a takardar jarrabawa ka zaɓi ɗaya.

Na huɗu, jam'i. Ana sauya harafin ƙarshe a ce "tendencies", kuma jam'in nan ya fi tilo nauyi nesa ba kusa ba. "Violent tendencies" da "criminal tendencies" maganganu ne na likitoci da 'yan sanda da kotu. Kada ka rubuta su a kan ɗan wani don kawai ya ba ka haushi, magana zarar bunu ce. In kuwa likita ne ya rubuta "suicidal tendencies" a kan wani naka, to yana nufin akwai alamun mutumin yana iya neman hallaka kansa. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne don kunya, kuma ba abin zagi ba ne. A tsaya kusa da shi, a bi abin da likita ya ce.

Na biyar, 'yan'uwanta masu manyan riguna. Akwai "inclination", wadda ta fi kusa da son rai. Akwai "penchant", mai tafiya da "for", wato tsananin sha'awar wani abu. Akwai "propensity", wadda ɗaliban tattalin arziki suka sani a "marginal propensity to consume", daga littafin da John Maynard Keynes ya fitar a 1936. Ku san su domin ku gane in kun gamu da su, amma ba na ba ku shawarar ku dinga jefa su a rubutu don burga. Dogon Turanci ba shi ne iya Turanci ba.

DARASI DAGA AJIN LISSAFI

Ɗalibanmu na babbar sakandare masu shirin WASSCE sun san wani babi a lissafi mai suna "measures of central tendency", inda ake koyon "mean" da "median" da "mode". Da yawa suna haddace shi ba su taɓa tambayar me ya kawo kalmarmu nan ba. To, ga dalili. A ce yara biyar sun sami maki 30, 30, 40, 60 da 90. In ka tara ka raba biyar za ka sami 50, shi ne "mean". Wanda ya tsaya a tsakiyar layi 40 ne, shi ne "median". Wanda ya fi maimaituwa 30 ne, shi ne "mode". Duk ukun ƙoƙari ne na nuna inda makin ajin ya karkata. Amma ka lura da abu ɗaya: an ce matsakaicin maki 50 ne, alhali a cikin yaran nan biyar babu ko ɗaya da ya sami 50.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ta shafe mu mu mazauna zango. Kalmar "tend" tana da amfani ƙwarai ga mai rubutu, domin tana hana shi yin kuɗin goro. Ɗalibin da ya rubuta "Traders cheat their customers" ya zagi uwarsa da ubansa da duk 'yan kasuwa. Wanda ya rubuta "Some traders tend to raise prices when goods are scarce" ya faɗi abin da zai iya karewa. Amma kuma kalmar nan tana iya zama riga mai kyau da ake sa wa mummunar magana. Dukkanmu mun sha jin ana cewa mutanen zango sukan yi kaza, yaran zango sukan yi kaza, a rediyo ko a bakin wanda bai taɓa kwana a cikinmu ba. In an faɗa da Turanci mai laushi, "They have a tendency to", ba ya rage mata ɗaci. In ka ji haka, kada ka yi faɗa, ka yi tambayar ɗan lissafi: mutum nawa ka ƙirga, cikin mutum nawa? Mu ma kuma mu ji tsoron Allah, kada mu yi wa wata ƙabila abin da ba mu so a yi mana.

Wanda yake son ƙarin misalai ya nemi ƙamus ɗin nan na Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya assasa, kamfanin Oxford ya fara bugawa a 1948, ana kuma ta sabunta shi. Amfaninsa shi ne ba ma'ana kaɗai yake bayarwa ba, har da ƙananan kalmomin da suke rakiyar kowace kalma. Yau ma ana samunsa a intanet, duk mai waya a hannu ba shi da uzuri.

AIKIN GIDA

A gyara waɗannan jimloli:

1. My brother has the tendency of forgetting his keys.
2. She has a habit to bite her nails.
3. There is a tendancy for students to read only before examinations.
4. He has tendency towards anger.
5. I have a tendency to be punctual, so please employ me.

A fassara waɗannan zuwa Turanci, ɗaya da "tend", ɗaya da "habit":

6. Kakata takan yi barci bayan azahar.
7. Ya saba da cin goro tun yana saurayi.

A aiko da amsa ta hannun edita kafin ƙarshen wata. Za mu buga amsoshin a fitowa ta gaba, tare da sunayen waɗanda suka ci duka bakwai.

Game da ɗan Alhaji kuwa, yana nan a ajinsa. Ranar Litinin ɗin da ta biyo baya Alhaji ya rufe rumfa ya je makarantar da kansa, karo na farko tun da aka sa yaron, ya gana da malamin ajin. Sun shirya cewa duk aikin da yaron ya gama, sai ya sake karanta shi daga farko kafin ya miƙa. Ko zai ci jarrabawa ko ba zai ci ba, wannan yana hannun Allah da kuma ƙoƙarinsa. Roƙona ga iyaye shi ne, in an kawo muku takarda daga makaranta ba ku gane ba, kada ku tsaya a kan fassarar bakin kasuwa, ku je wurin wanda ya rubuta ta ku tambaye shi abin da yake nufi. Matambayi ba ya ɓata.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa da darasin wasiƙar neman aiki, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.